Ranar da Aka Saki Jakar Baba Mati

Baba Mati bai taɓa zama a ajin boko ba, amma shi ya gyara mini aikin da na fi cin maki a kansa a jami'a. Ƙanen kakana ne, saboda haka akwai wasa a tsakaninmu. Sunana Abdussalam, shi kuwa tun ina firamare Audun Boko yake ce mini.

Na koma ƙauyenmu, Kwarin Mangala a ƙasar Tofa, ana tsakiyar damina, shekara guda bayan cire tallafin mai. Ba da son raina na koma ba. Ina aikin buga takardu a wani shago a Kano ranar da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikice. Aka fara harbi, jama'a suka kwaso a guje suka bi ta kaina a bakin kwata. Na tashi da raina, alhamdu lillahi, amma tun daga ranar in na ji sawun mutane da yawa suna gudu, ko ƙofar kwano ta bugu, sai hannuna ya kama rawa. Mahaifiyata ta ce in tafi gida in huta. Aka ba ni ɗakin da ke jikin zauren Baba Mati.

Sana'arsa jaki, kuma gado ya yi. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake bin mahaifinsa birni. Su shiga da itace da kara, su fito da taki a mangala: tokar murhu, kashin awaki, sharar gidaje. Gonakinmu ƙanana ne, a manne da juna, ba a hutar da ko ɗaya, don haka in ba taki ba hatsi. Ya ce a wancan zamanin jaki sittin ke fita daga garinmu a jere, na gaba ya kai rafi na baya bai bar masallaci ba. Daga baya a-kori-kura ta zo, takin zamani ya zo, hanyar da suke bi ta wajen Ungogo ta koma gidaje da katangu. Sannan masu sayen jakuna don fata suka riƙa zuwa da manyan motoci suna kwashewa. Da takin zamani ya gagari talaka a shekarun nan, aka waiwayo ana neman jaki ido rufe, sai aka tarar tara suka rage a garin. Ɗaya daga cikinsu ita ce Aura, jakar Baba Mati.

Mutum ne siriri, mai saurin tafiya, ga surutu. Ban taɓa ganinsa da sanda ba. Magana yake yi wa Aura, har labaran da ya ji a rediyo yake maimaita mata. Matarsa, Inna Sauda, takan ce, "In kana son sanin farashin masara, tambayi Aura. Ita ake fara gaya wa."

Sai dai lokacin da na iso, turken Aura babu kowa. Tun farkon rani abinci ya yi wuya a gidan, har dusar da ake ba ta aka koma haɗawa da gari ana tuƙawa. Ga ta kuma da ciki. Dole ya kai ta gidan Sabo, taubashinsa, wanda yake auren ƙanwarsa Furera. Sabo yana da injin niƙa a ɗaya ƙarshen garin, ko sharar gindin injin ta ishi jaka. Suka yi magana a kan abin da ta haifa na Sabo ne. Can ta haihu, can ta yi wata tara. Kullum da safe Baba Mati zai share turken da ba kowa, da yamma kuma ya taka har gidan Sabo ya kai mata labarai. Sai da aka yanke dawa, harawa ta samu, sannan ya dawo da ita, saura mako uku a yi saki.

Saki shi ne tseren jakunan garinmu, ana yin sa sau ɗaya a shekara bayan an gama kai amfanin gona gida. Ba a hawa. Kowa zai kai jakinsa mashigar rafi, tafiyar kamar rabin sa'a, ya damƙa wa sarkin saki, ya koma gida ya zauna a gindin turke. Bayan la'asar a busa ƙaho a cire musu igiya. Jakin da ya riga isa turken ubangidansa shi ya ci. Ba a kira, ba a ajiye dusa, ruwa kaɗai aka yarda da shi. Kuma dole mai jaki ya kasance a turke ya karɓi abinsa. Magabata sun ce sun ƙago shi ne don a gane wanda ke riƙe dabba da kyau, domin jakin da ake jibga ba ya ɗokin gida.

Maganar rubutu ta taso ne saboda daddawa. Inna Sauda ta ga kundin digirina a kan taga, ta ce in yago mata ganye goma ta ƙunshe. Na ce haba Inna, wannan shekara huɗu ce. Baba Mati yana gyaran mangala, ya ce me ke ciki da ya fi daddawa?

Na ce nazari ne a kan salon labaran tafiye-tafiye, wato yadda matafiyi yake zuwa wani gari ya ga abu ya koma ya rubuta. Babi guda kuma a kan wani marubuci ne da ya zo kallon sakinmu shekara bakwai da suka wuce, ya buga labarin a wata mujalla.

Ya ajiye basilla. "Mai malafa da kyamara?"

"Shi."

"Ashe a gidana yake kwana cikin takarda ban sani ba. Karanto mini."

Na buɗe inda na kwafo labarin na fara: "Rana ta leƙo daga gabas kamar amarya mai kunya, ta shafa kan rumbunan Kwarin Mangala."

"Dakata. Bayan la'asar ake saki. Me ya kawo hantsi?"

"Mabuɗi ne, Baba. Da shi ake jan hankalin mai karatu. Ya mai da rana mutum, shi ake kira mutuntarwa."

"To a cikin jakunan wace ce rana?"

Na ci gaba. "Jakuna ɗari suka ɓarke kamar guguwa."

"Ashirin da uku ne. Ni na ƙirga su."

"Wannan kambamawa ce. Ana ƙara wa abu girma don ya zauna a zuciya."

"Sauda, kin ji? Kambamawa. A nan garin in mutum ya noma dami ashirin da uku ya ce ɗari, wani suna muke ba shi." Ya ja zare. "Amma ba ɗarin ce ta dame ni ba, guguwar ce. Guguwa tana da gida? Ta san inda za ta? Duk abin da ke cikin saki shi ne jaki ya san inda za shi. In za ka kwatanta shi da wani abu, nemo mai gida. Ka ce kamar masu dawowa daga kasuwa hadari ya taso."

Ban taɓa jin wanda ya soki kamantawa ta wannan fuskar ba. A kundina cewa na yi guguwar ta ba labarin ƙarfi.

Da na zo sakin layi na ƙarshe sai na fara jan ƙafa. Ya ce karanta, ya riga ya san shi. Na karanta: "Babu mahayi ko ɗaya da ya tsira a bayan jakinsa, duk sun zubar da su. Na ƙarshe da na gani wani tsoho ne siriri, riga a kafaɗa, yana bin jakarsa a guje yana roƙonta ta tsaya, ita kuwa ko waiwaye, kamar ta rantse ba za ta ƙara ganinsa ba."

Inna Sauda ta yi dariya har da riƙe turmi. Baba Mati bai yi ba.

"Ni ne tsohon," in ji shi. "Na kai ta mashiga, sai na tsaya cin gurasa muna gardama da Sabo. Ban ankara ba na ji ƙaho. Kuma in ta isa ba na turke, an soke ta. Shi ne na kwasa. Ba tsaya nake ce mata ba, cewa nake ta sassauta in wuce. Ita kuwa ɗokin gida take yi. Ta riga kowa isa, aka hana ta saboda gurasata."

Wani ya karanta mujallar a kasuwar Tofa, tun daga nan ake ce masa Mati Ta-zubar. 'Yan garinmu sun san gaskiya, tsokana ce kawai. Amma baƙi sun yarda, har wani ya taɓa ba shi shawarar ya daina dukan jakarsa. Wannan ita ce ta tsaya masa a wuya shekara bakwai.

"A ina ya tsaya, shi mai malafar?" ya tambaye ni.

Na duba. "A kan motarsa, a bakin hanya."

"Ya tambayi wani?"

"Bai faɗa ba."

"To ka gani. Wanda ya tsaya a tsakiyar hanya bai ga inda aka taso ba, bai ga inda za a ba, sai ƙura da gindin jaki. Ragowar kuma ya cika da ka. Hausarsa da daɗi, ban hana shi ba, ni ma na ji daɗin amaryar nan. Kai fa, Audun Boko? Kai ka san ba a hawa. Me ka ce a kansa?"

Na ji kunya ta rufe ni. Na karanta masa abin da na rubuta: cewa marubucin ya rufe labarinsa da hoto mai ban dariya da ban tausayi, wanda ya nuna ƙwarewarsa. Na ce an gaya mana salo muke nazari, ba gaskiyar zance ba.

A nan ne ya yi dariya. "Sauda, ashe da jinina a cikin waɗanda suka zubar da ni! Har maki aka ba shi."

Kwana biyu bayan haka abin ya zama na gaske. Muna zaune a ƙofar masallaci bayan azahar, sai Sabo ya ce, "Taubashi, bana kada ka wahalar da tsintsiya. Wata tara tana cin dusata. In aka saki, ta san inda ake ƙoshi."

"Dusar da kake sharowa da ƙasa? Haƙuri ta yi da kai."

"Ta-zubar ke nan. Waccan shekarar a hanya ta zubar da kai, bana a turke za ta bar ka."

Jama'a suka bushe da dariya. Na ga fuskar Baba Mati ta canja. Ya miƙe ya ce, "Ku shaida. In Aura ta tsallake dokin ƙofar Sabo ranar saki, na bar masa ita."

Liman ya ce a bar zancen, wasa ne. Baba Mati ya ce shi ba wasa yake ba. Da labari ya isa gida Inna Sauda ta tare shi a tsakar gida. "Malam, baki shi ke yanka wuya. In ta tafi da me za ka kai taki? A ina za ka sami wata, kai da shekara saba'in?" Ya wuce ta ya tafi wajen Aura. Kowa ya san hanyar da ta taso daga rafi ta rabu biyu a gindin tsamiya, dama gidan Sabo, hagu gidanmu. Kuma a dama ɗanta yake.

Washegari ya same ni a zaure ya ce bana ni zan rubuta sakin, a gyara abin da aka ɓata. Na ce masa ba zan iya ba. Na gaya masa gaskiya: ba na iya shiga taron da ake gudu da ihu.

"Wa ya ce ka shiga taro? Kuskuren mai malafa za ka maimaita? A turke ake kallon saki. Kusa da ni za ka zauna."

Ranar ta zo. Ya kai Aura mashiga ya dawo tun kafin kiran la'asar, yana shigowa ya ce wa Inna Sauda, "Ki shaida, ko kallon mai gurasa ban yi ba." Ya cika kwatarniya da ruwa, ya shimfiɗa buhu a gindin turke muka zauna. Ba ma ganin komai sai katanga da rumbu da wata kaza.

Can muka ji ƙaho. Sai ihu daga nesa, yana matsowa, da dirin ƙafafu. Hannuna ya fara. Na tura shi ƙarƙashin cinya, amma ya riga ya gani. Ya miƙo mini igiyar turken Aura.

"Riƙe mini wannan. Me kake ji?"

"Gudu suke yi, Baba."

"Su wa? Saurara da kyau. Na mutane buf-buf yake, na jaki ƙaf-ƙaf. Ka ji mai nauyin nan? Baƙin jakin Malam Hadi ne, yana jan ƙafar baya." Aka rangaɗa guɗa daga kudu. "Ka ji, ya shiga. Na ɗaya ke nan."

Haka ya riƙa karanta mini tseren da kunne. Duk gidan da jaki ya shiga mata za su yi guɗa, shi kuma ya faɗi gidan wane ne. Na biyu, na uku. Yana raha har na biyar. A na shida ya daina. Na bakwai ya tashi ya share inda ya riga ya share. Na takwas ya dawo ya zauna. Daga nan gari ya yi tsit. Inna Sauda ta fito daga madafa ta tsaya da ludayi a hannu.

Sai muka ji kukan jaki daga wajen injin Sabo. Sau uku, mai tsawo. Ko ni na gane muryar.

"Ta yi dama," in ji Baba Mati. Ya cire hularsa ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu. "To. Aƙalla can za ta ƙoshi. Audu, ka rubuta yadda ya faru. Kada ka sa mini amarya."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Abin da na fara ji shi ne dariya, ta mutane da yawa, tana tahowa a hankali. Sannan ƙaf-ƙaf, amma kamar ninki biyu, babba da ƙarami. Baba Mati ya ɗago kai. Aura ta shigo ta zaure ba gaggawa, kunnuwa a miƙe. A bayanta ɗanta ne, yana jan igiya a ƙasa. A bayan ɗan kuma Sabo, riga a kafaɗa, yana haki yana cewa, "Tsaya! Kai, tsaya!"

Baba Mati ya miƙe ya nuna shi. "Audu! Ga tsohon nan na cikin takarda!"

Ta zo ta sa baki a kwatarniya. Ya dafa wuyanta yana mata magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da ya ce ba, kuma ban tambaya ba. Inna Sauda ta yi guɗar da ta fi ta gidan Malam Hadi. Gida ya cika da mutane har zaure, ni kuma ina tsakiyarsu, sai da aka ce in miƙo igiya sannan na tuna tana hannuna.

Sabo ya ce shi dai ta je gidansa, kowa ya gani. Sarkin saki ya ce ta je ƙofar gidansa, amma dokin ƙofa aka ambata, kuma ba ta tsallaka ba. A waje ta tsaya ta yi kuka, ɗan ya fito, suka juyo.

Sabo ya ce, "To wa ya sake shi? Da hannuna na ɗaure shi, ƙulli biyu!"

Furera tana daga bakin zaure, ta gyara mayafi. "Igiyar bana ba ta da ƙwari, Malam. Komai ya lalace." Ta juya wajen Baba Mati. "Yaya, barka."

Na duba igiyar da ɗan jakin ke ja. Ba ta tsinke ba. Da mutane suka watse na nuna wa Baba Mati, na ce yaya zan rubuta wannan?

"Kana can?"

"A'a."

"To rubuta abin da ka gani: igiya lafiyarta ƙalau. Abin da aka gaya maka, ka ce gaya maka aka yi. Mai karatu ba jaki ba ne. Ko da yake jaki ma ya gane."

Aura ce ta tara a cikin jakuna tara. Sabo ya tafi da ɗan jakinsa washegari, bayan ya ci tuwon Inna Sauda malmala biyu. A kasuwar Tofa kuwa, an ce mini, sunan Ta-zubar ya fara komawa kansa, yana ta rantsuwar bai taɓa hawan ɗan jakin ba. Ranar Asabar da ta biyo baya, Baba Mati ya ɗora mangala, suka fara kai taki gonar liman, yana tafe yana ba ta labarin farashin gero.

Da na gama wannan rubutun na karanta masa shi daga farko, yana zaune a gindin turke. Ya ce in cire inda na ce yana da surutu, Inna Sauda ta ce in bar shi. Ya tambaya ko na sa rana, na ce ban sa ba. Guguwa fa? Babu.

"Madalla. Saura abu ɗaya. Ka rubuta cewa da ba ta biya ɗauko yaro ba, da ta riga baƙin Malam Hadi da zira'i ɗari."

"Baba, wannan ai kambamawa ce."

"Na sani," in ji shi. "Sa ta a bakina."